Kaza Mai Kwancin Ƙwan Wani

Fort Washington, Maryland
9 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi. Gwiwata ta hagu ta dawo da halinta. Likita ya ce in rage hawa bene, na ce to ya zo ya gaya wa makarantarmu, don ajin kimiyyata a hawa na uku yake. Malam yana gaishe ki. Tari ya kama shi har ya kasa karanta labarai a gidan rediyo, amma yanzu murya ta dawo, surutu ma ya dawo.

Tunda ƙasar nan taku ba ta shiri da WhatsApp, mu ci gaba da imel. Ni ma ya fi mini, ko ba komai in ga ko yaren China bai cinye miki Hausa ba.

Ga babban labari. Farfesar nan da na haɗa ku, mai binciken kifin gaɓar tekun Chesapeake da ke kusa da mu, ta karanta takardunki ta ce ke take so. Gurbi ɗaya gare ta bana na digiri na uku, kuma ta ce ta aiko miki da takarda, tana jiran amsa zuwa tsakiyar Afrilu. Ni ban ga abin jira ba. Ki amsa yau, kafin ki ci abinci.

Na share ɗakin sama mai kallon kogi. Na fitar da kwalayen tsofaffin kaset na Malam, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Shekara takwas ke nan, Ruma, tun da muka gane dokar biza ba ta san riƙo ba. A takarda ke 'yar yayana Umaru ce, Allah ya jiƙansa, ba 'yata ba, sai muka taho muka bar ki a jami'a. To yanzu ilminki ya buɗe ƙofar da kansa.

Kin ce binciken ƙarshe zai kai ki wani ƙauye inda ake kamun kifi da tsuntsaye. Na gaya wa yaran da nake tarawa ran Asabar a ɗakin ƙasa ina koya musu Hausa, suka ce ƙarya ce. Ki rubuto mini dalla-dalla: wane tsuntsu ne, me ya hana shi haɗiye kifin, me ya hana shi gudu? Jikar Sarkawan Yawuri ce ke, kada ki ba ni kunya da bayani rabi-rabi.

Taki,
Mama Shafa'atu

*

Guilin
6 ga Maris

Mama,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na yi dariyar kaset ɗin Baba Malam har abokiyar ɗakina ta leƙo. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, wanki ba ya bushewa.

Ki gaya wa yaranki ba ƙarya ba ce. Tsuntsun baƙi ne, ya ɗan fi agwagwa, wuya dogo, baki mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya. Sunan da suke kiransa, in an fassara, shahon kifi ke nan. A ƙauyen ina zama gidan wani tsoho, Liang, da matarsa da nake ce wa Iya. Ba kwale-kwale gare shi ba, gorori ne dogaye aka ɗaure kamar gado. Ya tsaya a kai da doguwar sanda, tsuntsayen jere a gefe kamar fasinjoji.

Kafin a fita da safe sai ya ɗaura wa kowanne zaren ciyawa a gindin wuya, ba da ƙarfi ba, yatsa yana shiga. Ƙaramin kifi ya wuce, babba ya tsaya a maƙogwaro. In an kai wurin sai ya riƙa dukan ruwa da sanda, yana kuwwa, yana girgiza gororin da ƙafa, su ko su faɗa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kamo ya taso, tsoho ya miƙa masa sanda ya hau, ya kama wuyan ya matsa a hankali, kifi ya faɗa kwando. In kifi ya fi ƙarfin ɗaya, biyu su taru su jawo shi. In an tashi ya kwance zaren ya ciyar da su da hannunsa. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, in ta gaji sai ta hau gora ta baje fukafukai ta juya masa baya, ya yi ta kira ta ƙi. Ya ce ta girmi jikarsa, ba ya iya yi mata faɗa.

Kifi ya ragu a kogin. Yanzu yawancin cinikinsa masu yawon buɗe ido ne da ke ɗaukar hoto.

Me ya hana su gudu? A kan wannan nake rubuta bincikena. Ba daga daji ake kamo su ba. In uwar ta yi ƙwai Iya ba ta bar mata, wai ba ta iya kwanci ba, tattake su take yi. Sai ta kwashe ta sa wa kaza. Kazar nan ta kwanta kusan wata guda a kan ƙwan da ba nata ba, ko abinci da ƙyar take tashi ta ci. Ran da ya fashe aikinta ya ƙare. A ɗauke ɗan a sa a kwandon auduga, don ita tsaba ta sani, shi kuwa ba tsaba yake ci ba. Sai ta yi ta zagaya akurki tana kira. Tausayi take ba ni, Mama. Komai daɗewar kwanci, ɗan na ruwa ne.

Zancen Farfesa, na ga takardarta, na gode ƙwarai. Ban amsa ba tukuna. Kwanakin nan Yawuri nake ta tunani, kuma na ji cibiyar binciken kifi ta wajen Kainji tana neman ma'aikata. Za mu yi maganar a tsanake. Gobe zan koma ƙauye, ƙwai sun kusa.

A gaishe da Baba Malam.

'Yarki,
Rumasa'u

*

Fort Washington
12 ga Maris

Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Sanyi ya fara sassautawa, gwiwa da sauƙi. Ina fatan ke ma haka.

Na yi abin da kullum nake hana sababbin malamai: na karanta wa yara abin da ban fara karantawa ni kaɗai ba. Wasiƙarki ta shigo ran Asabar suna cire takalma, ɗoki ya sa na zaunar da su na fara. Sun ji daɗin zaren wuya, sun ji daɗin tsohuwar da ke juya baya, har ɗaya ya tashi yana kwaikwayonta. Ina isa kan kaza sai Ilham, 'yar likitan nan na garin Clinton, ta ɗaga hannu. Da Turanci ta yi tambayar, don in abu ya dame su Hausar gudu take. Ta ce, "To Anti, kazar ba mamansa ba ce ke nan?" Idona ya riga ya kai layi na gaba, na ga Yawuri. Na ce su je su sha ruwa.

Ruma, in abin da kike son gaya mini ke nan, ba sai kin zagaya ta China ba. Mu ma a gida muna sa wa kaza ƙwan zabi, kowa kuma ya san in sun yi fiffike inda suke dosa.

Kina shekara biyu aka yaye ki. Ke ce 'yar fari, Ɗija da ta haife ki ba ta ko ɗaga ido ta dube ki a gaban mutane, ba ta kama sunanki, haka aka tarar ana yi. Yaya Umaru ya ce in ɗauka. Ni na goya ki daga Yawuri zuwa Zariya a motar kifi, kina kuka har Kontagora. Ni na koya miki baƙi da wasali a kan murfin kwano. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ban taɓa jin rashin ba sai Asabar ɗin nan. Ba gori nake miki ba, Allah ya sani. Ina dai so in gane lokacin da aikina ya ƙare ba a gaya mini ba.

Bari in ajiye wannan in yi magana a matsayin malama. Ɗakin binciken Farfesa yana da na'urorin da cibiyar can ba za ta gani ba nan da shekara goma. In kin yi shekara huɗu a nan, Yawuri ba za ta gudu ba, kuma za ki koma mata da abin da ya fi wanda ke hannunki yanzu. Ki yi tunani da kai, ba da kewa ba.

Na kasa zama a gida jiya. Na tuƙa zuwa bakin kogin Potomac, wajen tsohuwar ganuwar nan. Sai ga su a kan turakun da ke cikin ruwa, baƙaƙe, wuya dogo, sun baje fukafukai suna shanya. Irin naki ne sak, sai dai ba mai zare a wuya. Shekara takwas ina wuce su ban san ko su waye ba. Na tsaya har hannuna ya sandare, ina ta neman darasin da zan kai wa yara, ban samu ba.

Ki amsa mini. Ki amsa wa Farfesa.

Gwaggonki,
Shafa'atu

*

Fort Washington
10 ga Afrilu

Ruma,

Assalamu alaikum. Lafiya dai? Wata guda ke nan ba ko layi ɗaya. Na kira lambarki ba ta shiga. Na rubuta wa abokiyar ɗakinki, ta ce kina ƙauye, ba ta san ranar dawowarki ba.

In fushi ne, ki yi fushin da magana. Na sake karanta abin da na aiko miki, akwai wurin da na zafafa. Malam ya ce da na nuna masa da bai bari ta fita ba. Na ce shi da ke karanta wa duniya labarin da bai rubuta ba, ya bar ni da nawa.

Na kira Farfesa na roƙe ta ta ƙara miki mako guda. Ta yarda, amma na ji a muryarta akwai mai jira a bayanki.

Ba na barci sosai. Na sake jera ɗakin sama, na mayar da gado wajen taga, na sake dawo da shi. Ko "ina lafiya" kawai ki rubuto.

Mama

*

Guilin
16 ga Afrilu

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina lafiya, ina lafiya. Ki yafe mini. Sanyi ya dawo ba zato daidai lokacin da ƙwai suka fara fashewa, Iya kuma ta kwanta da ciwon baya, sai aikin ya dawo kaina. Na bar kwamfuta a birni, wayata kuma ta faɗa kogi ran da tsohuwar nan ta ture ni da fiffike. Jiya na dawo, na ga wasiƙunki biyu a tare. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu a zaune a ƙasa.

Mama, wallahi kaza nake nufi. Kaza mai fukafukai, ja, mai ƙafa ɗaya gajera. Kin ce kada in ba ki bayani rabi-rabi, na ba ki cikakke, kika shiga ciki kika zauna. In ma dole sai kin nemi kanki a labarin, me ya sa kika tsallake Iya? Ɗan yana fitowa tsirara ne, ido a rufe, muni kamar ƙadangare. Ita ke daka masa kifi da awara ta ba shi da yatsa, ta sa kwandon a cikin rigarta in an yi sanyi. In ya girma muryarta yake bi. Uku suka rayu a hannuna, har yanzu yatsuna ƙarni suke. Amma don Allah kada ki nemi kanki a nan ma. Tsuntsaye ne.

Kuma kin sa hannu da "Gwaggonki". Tun da na yi wayo ban taɓa kiranki haka ba. Wannan ya fi zancen zabi yi mini ciwo.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, kin karanta rabin da ba daidai ba, kin kuma karanta rabin daidai. Yawuri zan tafi. Na rubuta wa Farfesa yau, na gode mata, na ce ta ba mai jira. Ban ji daɗin kiran da kika yi mata ba tare da kin ji daga gare ni ba, amma na san abin da ya sa.

Ga dalili. Ina ta jin tausayin kaza, ban taɓa duba uwar ƙwan ba. Wata safiya na je kwasar ƙwai na same ta tsaye a wurin da suke jiya. Ba ta kira, ba ta zagaye, tsaye kawai take. Kowa ya ce ba ta iya ba ne, shi ke nan, ba mai sake kallonta. Sai na tuna zaman makokin Baba Umaru bara. Kwana uku ina gidan, Inna Ɗija ba ta ce mini komai ba sai "ke" da "a ba baƙuwar Zariya ruwa". Amma duk dare kan kifin da ya fi girma a kwanona yake, tana sawa tana kallon wani wuri. Shekarata ashirin da bakwai, ban taɓa hira da matar da ta haife ni ba. Ƙannena sun ce idonta ya fara hazo. Kin ce Yawuri ba za ta gudu ba. Garin ne ba zai gudu ba, Mama.

Aikin ma na gaske ne. Na ga yadda kogi yake zama in kifi ya ƙare: tsoho mai sana'ar kakanni yana tsayawa a ɗauke shi hoto. Masuntanmu sun koma raga mai ƙananan ido, suna kwashe har 'ya'yan. Ba na so in je in tarar da kawunnaina suna jefa homa don 'yan kallo.

Yanzu ga roƙona, kuma shi ne abin da na ce za mu yi magana a tsanake, da kin jira ni. Ba zan iya shiga gidan nan ni kaɗai ba. In na shiga ni kaɗai baƙuwa zan zama, ta shimfiɗa mini tabarma ta shige ɗaki, mu shekara a haka. Ke kaɗai ce kike wasa da ita, ke kaɗai kike iya zaunar da mu wuri ɗaya ki yi ta surutu har kunya ta gaji. Ina gamawa a ƙarshen Yuni, ku ma lokacin kuna hutu. Ki zo Abuja ki tare ni mu tafi tare. Ke kika ɗauko ni, ke nake so ki kai ni.

In kin ce a'a zan gane. Amma zan tafi.

'Yarki, ko kin sa hannu da me,
Rumasa'u

*

Fort Washington
27 ga Afrilu

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Itatuwa sun yi fure, ni kuma atishawa. Alhamdu lillahi da kika dawo lafiya. Ki sayi waya, ki kuma daina tsayawa kusa da tsohuwar nan.

Na jinkirta amsa da gangan, don na ga abin da gaggawa ta jawo mini. Na yi fushi kwana biyu, na yi kuka ɗaya, sauran na yi ta yawo a gida ina buɗe firji ina rufewa. Har yanzu ban yarda kin yi daidai a kan Farfesa ba. Ina ganin kin bar abu mai girma, kuma zan ci gaba da faɗa har ki gaji da ji. Amma shekara talatin ina gaya wa 'ya'yan mutane su duba da idonsu su yanke hukunci da kansu. Ban taɓa tsammanin a gidana za a fara aiki da shi ba.

Abin da kika roƙa ya fi abin da kika ƙi nauyi, ko kin sani? Na gaya wa Malam. Ya ce, "Hajiya, ai ba a aiken bare da irin wannan." Ya fita. Da ya dawo sai na ga ya tsaya a garin Sterling wurin mai sayar da tikiti. Zan tashi daga filin jirgin Dulles ranar biyu ga Yuli. Likita ya ce gwiwa ba za ta so zaman jirgi ba, na ce ba shawararta aka nema ba.

Jiya na kira Yawuri. Ƙaninki ya kai mata wayar, ina jin awaki a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi Malam, na tsokane ta da cewa har yanzu ina bin ta bashin miyar da ta ƙona ran da aka kawo ta gidanmu, ta ce ni ce na hura wutar. Sannan na ce, "Yaya Ɗija, ina nan tafe da damina, zan kawo miki kayanki."

Ta ce, "Wane kaya? Ni ban ba ki ajiya ba. Kyauta aka ba ki, ba a mayar da kyauta."

Na ce, "To ba mayarwa zan yi ba. Aro zan ba ki, kuma zan riƙa zuwa dubawa."

Na ɗauka layi ya yanke. Na ce, "Kina ji na?" Ta ce tana ji. Sai ta rage murya, kamar mai tsoron awakin su ji, ta ce, "Ita yarinyar... tana cin yaji?"

Ruma, na san amsar. Na san cokali nawa, na san irin wanda ke sa ki shaƙuwa, na san ba kya son daddawa ta yi yawa. Duk suka taso mini har baki. Na ce mata ta riƙe tambayarta, mai amsar tana tafe.

Mama